Layi ya yi tsawo, ciniki ya ja baya: a ƙara abinci ne ko a rage?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni manaja ne a wani gidan abincin gaggawa, irin wanda mutum zai biya a kanta, ya karɓi abincinsa, ya ci a nan ko ya tafi da shi. Kwanan nan ƙorafi ya yi mana yawa. Ana daɗewa a layi, wani lokaci a ba mutum abin da ba shi ya nema ba, wani lokaci kuma abincin ya huce kafin ya isa hannunsa. Ciniki ya ja baya. Mai wurin yana ganin mafita ita ce mu ƙara sababbin nau'o'in abinci don mu jawo mutane, alhali yanzu haka abin da ke allon jerin abincinmu ya haura 40. Ta ina ya kamata mu fara gyara, ta hidima ko ta jerin abinci?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku ke korar muku masu saye: jira, kuskuren oda, da abincin da ya huce. Mai wurin yana so a magance su da ƙarin abinci, kai kuma kana tambayar wanne za a fara taɓawa tsakanin hidima da jerin abinci. A ganina waɗannan biyun ba sa rabuwa. A gidan abincin gaggawa, abin da ke allo shi ke yanke irin hidimar da za ku iya yi, domin duk abin da kuka rubuta alkawari ne kuka ɗauka cewa kicin zai fitar da shi cikin 'yan mintuna, da zafinsa, komai yawan mutanen da ke tsaye. Na daɗe a wannan sana'a, tun daga tsayuwa gaban kaskon suya har zuwa kula da rassa, kuma galibin wuraren da na ga ƙorafe-ƙorafen nan uku sun haɗu, allon ne ya fi ƙarfin kicin. Ƙara abinci a irin wannan hali zai tsananta ciwon ne kawai.

Yadda sana'ar ta samo asali

Yana da kyau mai wurin ya san cewa da ragi aka gina wannan sana'a tun farko. A 1948, 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suna da gidan abinci a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya a Amurka, suna sayar da abu 25. Da suka duba lissafinsu, sai suka ga mafi yawan cinikin daga hambaga, wato niƙaƙƙen nama a cikin burodi, yake fitowa. Suka rufe wurin na wasu watanni, suka sake buɗewa da abu 9 kacal, suka daina amfani da faranti da cokulan da sai an wanke, suka ba kowane ma'aikaci aiki guda, suka sayar da hambaga a kan santi 15 na dalar Amurka. Daga baya, da za su tsara sabon gini, a filin wasan tanis na gidansu suka zana kicin ɗin da alli, suka sa ma'aikata suna kwaikwayon aikin har aka gano inda za a ajiye kowane abu ba tare da wani ya yi karo da wani ba. Kamfanin In-N-Out, wanda shi ma a 1948 aka kafa shi a Kalifoniya, har yau hambaga da soyayyen dankali da abin sha ne kusan duk abin da ke allonsa, kuma ba ya rasa layi.

Shi kansa McDonald's, kamfanin da ya samo asali daga gidan abincin 'yan'uwan nan, ya sake koyon wannan darasi da girmansa. A 2015 ya fara sayar da abincin karin kumallo duk tsawon yini a Amurka, domin mutane sun daɗe suna roƙo. Ciniki ya motsa, amma kicin ya cunkushe, saboda kayan safe da na rana suna takara a kan kasko ɗaya. Da annobar korona ta zo a 2020 aka cire shi tare da wasu abubuwa, kuma kamfanin ya ce layin masu karɓar abinci daga cikin mota ya ƙara sauri bayan haka.

Abin da kowane ƙarin abinci yake ci

Mai wuri yakan kalli sabon abinci ta fuskar wanda zai saya. Manaja dole ya kalle shi ta fuskar wanda zai haɗa. Abu ɗaya da aka ƙara yana zuwa da kayan haɗinsa, waɗanda sai an sayo, an samar musu gurbi a firij, an lura da ranar lalacewarsu. Yana zuwa da matakan da kowane sabon ma'aikaci zai hardace. Yana neman kwali ko takardar naɗinsa. Sau da yawa yana neman rabonsa a kaskon suya, a daidai lokacin da kaskon ya fi shan aiki. Idan kuma ba a cika sayensa ba, sai kicin ya shiga tsaka mai wuya: ko a dafa a ajiye ya huce a zubar, ko a jira sai an nema sannan a fara, duk wanda ke bayan wannan oda ya tsaya. Ka ga daga abu ɗaya an samu abinci mai sanyi, an samu jira. Kuskure kuma yana biyo baya, domin ma'aikacin da yake haɗa abu sau ɗaya a yini ba zai riƙe shi kamar wanda yake haɗawa sau ɗari ba.

Akwai kuma jiran da ba a kicin yake ba. Mutumin da ya zo kanta ya tarar da abu 40 a gabansa zai tsaya karatu, ya yi tambaya, ya canja ra'ayi. Daƙiƙa 20 ko 30 da kowa ya ƙara a nan, idan ka tara su a sa'ar cunkoso, su ne layin da kake gani ya kai ƙofa.

Yadda za a zaɓi abin da za a cire

Kada a yi ragin da ka, kuma kada a bi son ran kowa, har da na mai wurin. Ka fitar da lissafin cinikin watanni uku na baya daga na'urar karɓar kuɗi, ko daga littafi idan da hannu kuke rubutawa. A gaban kowane abinci ka rubuta abu biyu: guda nawa aka sayar, da kuma abin da ya rage a kowane guda bayan an cire kuɗin kayan haɗi da na kwalinsa. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Wasu malamai biyu na Jami'ar Jihar Michigan, Michael Kasavana da Donald Smith, su suka tsara ta a 1982, suka kasa abinci kashi huɗu. Wanda ake saye sosai kuma yake barin riba mai kauri, shi ne ginshiƙin wurin, ba a taɓa shi, a sa shi inda ido ke fara sauka a allo. Wanda ake saye sosai amma ribarsa kaɗan ce, a duba ko za a ɗan gyara farashinsa ko a haɗa shi da abin sha a sayar tare. Wanda ke da riba amma ba a san shi ba, a ba shi dama, a canja masa wuri da hoto, kashiya ta riƙa ambatonsa. Wanda ba a saye kuma ba riba, a cire shi ba tare da dogon zance ba.

Ni nakan ƙara abu na uku da lissafin nan bai kama ba, kuma shi na fi ba muhimmanci: wahalar da abincin yake jawo wa kicin. Ka zauna da masu girki, ba a gaban mai wurin ba, ka tambaye su wace oda ce idan ta faɗo gabansu yake faɗuwa. Za su gaya maka nan take, kuma bakinsu kan zo ɗaya. Sannan ka ƙirga kayan haɗin da abinci ɗaya tak ke amfani da su. Idan akwai wata miya ko wani irin burodi da ake sayowa saboda abu guda da ba ya tafiya, ribar da takarda ta nuna ta ƙarya ce, domin rabin kayan a kwandon shara suke ƙarewa. Allo mai kyau shi ne wanda aka gina shi a kan kayan haɗi kaɗan da ake juya su hanyoyi da yawa. Kaza iri ɗaya za ta iya fita a cikin burodi, ta fita a naɗe, ta fita a kan ganye, ta fita ita kaɗai da dankali. Mai saye yana ganin zaɓi huɗu, kicin yana yin aiki ɗaya.

Za a samu waɗanda za su ji haushin an cire abin da suka saba. Wannan gaskiya ne, kuma kada a raina su. A sanar da kashiyoyi abin da za su ba su a madadinsa. Sai dai ka lura da wani abu kafin ka cire: akwai abincin da ba a saye da yawa amma shi ke sa iyali ko abokai su zaɓi wurinku, kamar abin da yara za su ci, ko abin da marar cin nama zai iya ci. Mutum ɗaya da bai samu nasa ba yana iya juyar da mutum biyar. Irin wannan a bar guda ɗaya mai sauƙin haɗawa.

Ina ne aikin yake shaƙewa?

Bayan ragi, sai a nemo maƙogwaron aikin. Kowane kicin yana da wuri ɗaya da ya fi ko'ina jinkiri, kuma saurin gidan gaba ɗaya ba zai wuce saurin wannan wuri ba. Ga misali. A ce oda biyu ke shigowa kowane minti a lokacin cin rana, amma teburin haɗawa oda uku yake iya fitarwa a minti biyu. Cikin rabin sa'a an karɓi 60, an fitar da 45, saura 15 suna jira, kuma wanda ya zo a ƙarshe sai ya yi minti 10 kafin a kai kansa. Idan ka ƙara kashiya ta biyu a wannan hali, ba ka rage komai ba, ka dai kwashe layin daga gaban kanta ka mayar da shi gefen karɓa, inda mutum ya riga ya biya kuma fushinsa ya fi zafi. Na sha ganin an kashe kuɗi a nan a banza.

Gani ya kori ji. Ka ware 'yan kwanaki, a sa'ar cunkoso, ka tsaya gefe da agogo ba tare da ka sa hannu a aikin ba. Wannan yana da wuya ga manaja, don hannu zai riƙa ƙaiƙayi, amma da zarar ka shiga taya su ka daina gani. Ka rubuta lokacin da mutum ya shiga layi, lokacin da ya biya, da lokacin da ya karɓa. Ka duba inda takardun oda suke taruwa, da wanda yake tsaye yana jiran wani. Ka ƙirga takun da mai haɗawa yake yi. Idan sai ya juya baya ya taka uku kafin ya ɗauko kwali, to wannan taku ukun yana maimaita su ɗaruruwan lokuta a yini. Gyaran da ya fi ba ni sakamako sau da yawa bai ci ko kwabo ba: a matso da teburi, a mayar da abin da aka fi ɗauka kusa da hannu, a gama yanke-yanke da cike robobin miya kafin cunkoso, a hana kowa zuwa hutu ko karɓar kaya daga mota a wannan sa'a. A kuma tsayar da mutum ɗaya tsakanin kicin da kanta, aikinsa kawai ya duba jaka da rasit kafin ta fita. Wannan mutum shi ke kashe yawancin kuskuren oda, tare da ɗabi'ar kashiya ta maimaita wa mai saye abin da ya nema kafin ya biya.

Game da abinci mai sanyi, maganinsa a dafa kaɗan-kaɗan, akai-akai, bisa abin da lissafin makonnin baya ya nuna ana saye a kowane rabin sa'a. Soyayyen dankali 'yan mintuna ne ransa, shi ya sa shi ake sakawa a jaka a ƙarshe. Kowane abu a sa masa iyakar lokacin ajiya, a rubuta, idan ya wuce a zubar kuma a rubuta abin da aka zubar. Manajan da yake faɗa idan an zubar, ma'aikatansa za su koyi sayar da tsohon abinci ne a ɓoye.

Jira kuma ba a agogo kaɗai ake auna shi ba. David Maister, wanda ya koyar a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya yi rubutu a kan wannan a 1985, inda ya nuna cewa jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuciya, haka wanda ba a yi bayaninsa ba, haka wanda mutum yake ganin ba a yi adalci a cikinsa ba. Saboda haka a ba kowa lamba, a yi layi ɗaya mai zuwa ga duk kashiyar da ta samu sarari, kuma idan abu zai ɗauki minti bakwai a faɗa tun kafin a karɓi kuɗi. Odar da ke shigowa ta manhajar waya tana jawo rigima ta wannan fuska, domin na tsaye yana ganin an miƙa jaka ga wanda ya shigo yanzu. A ware musu wurin karɓa daban, kuma idan kicin ya cika a dakatar da karɓarsu na ɗan lokaci.

Ma'aikata

Duk tsarin nan a hannun mutane yake, kuma wannan sana'a ta yi suna wajen yawan shiga da fitar ma'aikata. Duk wanda ya tafi, ya tafi da saurin hannunsa, sabo kuma sai ya yi makonni yana koyo a kan masu saye. Albashi yana da nasa, amma abin da na ga ya fi korar mutane shi ne jadawalin aikin da ake canjawa ba sanarwa, da tsawa a gaban jama'a, da jefa sabon ma'aikaci cikin cunkoso a ranarsa ta farko. Ba a tilasta fara'a. Wanda aka wulaƙanta a bayan kanta ba zai sakar wa na gaban kanta fuska ba. Ka fitar da jadawali da wuri, ka koya wa kowa aƙalla wurare biyu, ka manna hoton yadda kowane abinci ya kamata ya fita a saman teburinsa. Ka kuma ba kashiya ikon canja odar da aka yi kuskure nan take ba sai ta nemo ka ba. Asarar abinci ɗaya ba ta kai asarar mutumin da ya tafi da niyyar ba zai dawo ba.

Iyakar sauri

A nan ina so ka ji ni sosai, domin idan aka matsa wa ma'aikata da agogo, wurin da suke fara yanke hanya shi ne dahuwa da tsafta. A 1993 hambagar da ba ta dahu sosai ba a rassan kamfanin abincin gaggawa na Jack in the Box a Amurka ta sa mutum sama da 700 rashin lafiya, yara huɗu suka rasu. A wannan shekarar kuma Domino's, kamfanin sayar da fiza, ya janye alkawarinsa na kai fiza cikin minti 30 a Amurka, bayan shari'o'in haɗurran direbobinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, a ajiye mai zafi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffe ya wuce sa'a biyu a fili. Ku sayi ma'aunin zafi na sokawa, a riƙa amfani da shi ana rubutawa. Kada ka taɓa saka ladan sauri shi kaɗai, ka haɗa shi da daidaiton oda da tsafta. Kashiyoyi kuma su san abin da ke cikin kowane abinci, musamman gyaɗa, madara, ƙwai, alkama da kifi, saboda masu rashin lafiyar da jikinsu ba ya karɓar waɗannan, kuma idan ba su tabbatar ba su je su tambaya.

Yaushe ne ƙari yake da amfani?

Mai wurin bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Sabon abu yana jawo mutane, sai dai wanda yake nasara shi ne wanda ya amsa wata buƙata da aka gani da ido. A 1962, Lou Groen, mai reshen McDonald's a birnin Cincinnati, ya lura cinikinsa yana faɗuwa duk ranar Juma'a, saboda yawancin mazauna unguwar mabiya ɗariƙar Katolika ne da ba sa cin nama ranar. Ya kawo kifi cikin burodi, kuma ana sayar da shi har yau. Ya san wa yake so ya jawo, ya san ranar, ya san dalili. Haka ya kamata a tambayi duk sabon abin da za a kawo muku: wane ne ba ya zuwa yanzu da zai zo saboda shi? Idan akwai amsa, a gwada shi na ƙayyadadden lokaci, da kayan haɗin da kuke da su ko da ƙarin guda ɗaya, kuma idan zai zauna, wani ya fita.

Kafin sabo ma, ku ɗanɗani tsohon da gaske. A ƙarshen 2009 Domino's ya fito a talla ya nuna mutane suna kushe fizarsa, ya canja ƙullun da miyar da cukwi, ciniki kuma ya tashi. Wani lokaci ginshiƙin allon ne ya lalace a hankali, an canja mai kawo kaya, an daɗe ba a canja man suya ba, an rage nama, kowa a ciki ya saba bai lura ba.

Na'urorin da mai saye ke yin oda da kansa suna rage kuskure kuma suna sauƙaƙa wa kashiya, amma ba sa ƙara wa kasko faɗi, don haka su zo bayan an gyara kicin. McDonald's ma ya dakatar da gwajin na'urar karɓar oda da murya da ya yi tare da kamfanin kwamfuta na IBM a 2024.

Abin da ba zan iya gani daga nan ba

Ban shiga kicin ɗinku ba, ban ga lissafinku ba. Mai yiwuwa wani ya buɗe kusa da ku, ko farashinku ya wuce abin da masu sayenku ke iyawa, ko kaskon suya ɗaya ne gare ku inda ake buƙatar biyu, kuma ragin allo ba zai gyara ko ɗaya daga waɗannan ba. Idan kuma reshe ne na babban kamfani, allon ba a hannunku yake ba, sai ku tsaya kan tsarin aiki da ma'aikata. Ba zan iya ce maka abu nawa za ku bari ba, lissafin ne zai faɗa.

Wajen mai wurin, kada ka je da gardama. Ka je da takarda ɗaya: abinci goma da suka fi kowanne rashin tafiya, abin da suka kawo a wata uku, kayan da aka zubar saboda su, da matsakaicin mintunan jira da ka auna. Ka roƙe shi gwajin makonni shida, a ɗauke goman nan daga allo, a ci gaba da auna jira da kuskure da ciniki kamar yadda aka auna kafin a fara. Ka kuma yi masa alkawarin cewa idan jiran ya sauka, sabon abincin da ya fi so shi za a fara gwadawa a gurbin da aka samu.